Murfin da Na Yi wa A-kori-kurar Baba Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar har na gaji. A ranar ce na zauna gaban kwamfuta a ɗakina na unguwar Brickfields, na gyara ɗankwali, na shaida wa malamai huɗu da ɗalibai kusan talatin da mahaifiyata cewa na warware matsalar da ta gagari kamfanonin mota na duniya. Da me? Da katako da shuɗin tamfol.

Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin injiniyan motoci a wata jami'a ta Kuala Lumpur lokacin da korona ta shigo. Tambayar bincikena mai sauƙin faɗa ce: me ya sa ƙananan motoci suka rage shan mai sosai a shekarun nan, amma a-kori-kura tana nan kusan inda aka bar ta? Ni kuwa tun kafin in auna komai na riga na yanke hukunci cewa iska ce. Buɗaɗɗen bayan motar yana kama iska kamar buhu, in aka rufe shi da murfi mai gangara, magana ta ƙare. Shirina shi ne in gwada a ɗakin gwaji na jami'a, inda akwai wata ƙatuwar fanka da ke hura wa ƙaramin samfurin mota iska. Sai aka sa dokar kulle, aka garƙame ɗakin.

Wata ɗaya ya wuce, wata biyu, wata huɗu. Takardar zamana a ƙasar ta kusa ƙarewa, tallafin karatuna ma yana da wa'adinsa. In ban gama ba, sai in koma Kaduna da akwati da labarin Malesiya kawai. Malamar da ke duba aikina, Dokta Farida, ta ce in har zan samu mota ta gaske da ke yawo a titi, jami'a za ta karɓi awon da na yi da ita.

To wa ke yawo a titi a lokacin kulle? Baba Alhaji.

Sunansa Alhaji Tijjani, mutumin Kano, ya fi shekara ashirin a ƙasar. Yana da ɗakin ajiya kusa da unguwar Kampung Baru inda yake tara gari da manja da kuka da daddawa da busasshen kifi, kuma yana da takardar izinin kai wa mutane abinci. Duk ɗalibin Najeriya da bai mutu da yunwa a kullen nan ba, ya san ƙarar a-kori-kurarsa, wata fara sabuwa mai ƙofa huɗu. Mu ɗalibai Baba Alhaji muke ce masa, shi kuma tun ranar da ya ji abin da nake karanta ya daina kiran sunana, sai Injiniya.

Na roƙe shi ya amince. Tsarin da na yi mai kyau ne a takarda. Duk Litinin da safe za mu haɗu a gidan mai na kusa da ni, in cika tankin har bakinsa, in rubuta lambar mitar da ke ƙirga tafiya. Litinin mai zuwa in sake cikawa. Man da tankin ya karɓa shi ne man da motar ta sha a makon. Tanki ɗaya yana isarsa mako har da saura, don titunan babu kowa.

Abin da ban yi ba shi ne in bayyana masa dalilin wannan duka. Ya tambaye ni, na zuba masa Turanci na minti biyu da kalmomin da ni kaina sai da na haddace su, ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba da sa'a. A raina na ce me mai sayar da daddawa zai gane a lissafin iska? (Na rubuta wannan jimlar ne don hukunta kaina, ku karanta ta da kyau.) Abin da ya fahimta kawai shi ne wata yarinya 'yar Kaduna ta ɗauki nauyin zuba masa mai duk mako saboda makaranta ta ce ta yi.

Mako uku muka auna motar yadda take. Sannan na kai zanena wurin wani kafinta Ba'indiye a bayan layinmu, wanda ke aiki da ƙofar shagonsa a rabin buɗe. Ya haɗa mini murfin. A zane ya yi kama da fiffiken jirgi. A zahiri ya yi kama da akurkin kaji. Baba Alhaji ya zagaya shi sau biyu, ya tambaya ko zai hana ruwan sama taɓa masa gari, na ce zai hana, ya ce to madalla.

Litinin ta farko da murfin, na cika tanki na duba lambar. Kusan daidai da na da. Na sake lissafi a jikin motar, na sake. Hawaye suka cika mini ido, suna gangarowa cikin takunkumi. Ina riƙe da takardar gidan mai na ce, "Baba Alhaji, man nan ya ƙi raguwa. Ni kam ya kashe ni."

Ya dube ni, ya dubi takardar da ke hannuna, ya ce, "Ki yi haƙuri, Injiniya. Allah zai kawo sauƙi."

A ranar na ɗauki sufana na sauke bakin murfin kaɗan, tsawon ɗan yatsa, don dai kada in koma gida ban yi komai ba.

Litinin ta gaba, famfon mai ya tsaya da wuri har na zaci ya lalace. Na sa mai gidan man ya sake matsawa. Tankin ya cika. Shan mai ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Makon da ya biyo baya ya kusa rabi. Na dubi Baba Alhaji, shi kuma yana ta murmushi a bayan takunkuminsa, irin murmushin mutumin da ya san wani abu. Na ɗauka alfahari yake yi da ni.

Daga nan kaina ya fara kumbura. Na raɗa wa murfin sunan mahaifiyata. Na fara binciken yadda ake rajistar mallakar fasaha. Na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan amsa tambayoyin 'yan jarida cikin ƙanƙan da kai. Na kira Mama na gaya mata, kafin Lahadi duk matan zumunta na cocinmu sun san cewa 'yarta ta ƙera abin da zai karya farashin mai a duniya. Dokta Farida ta duba lambobin, ta ce kyansu ya yi yawa, in cire murfin in sake awo in gani ko za su koma yadda suke. Na ce mata lokaci ya ƙure. A raina na ce hassada ce.

Aka sa ranar gabatar da sakamako ta bidiyo, ƙarfe uku na rana. Shugaban kwamitin shi ne Farfesa Raman, wani tsoho da ya yi shekaru yana aiki a masana'antar mota kafin ya dawo koyarwa, wanda ɗalibai ke cewa bai taɓa yabon kowa ba sai injin da ya mutu. Na tura wa Mama hanyar shiga, ƙarfe takwas na safe ne a Kaduna, ta ci ado kamar mai zuwa biki. Na kuma gayyaci Baba Alhaji don ya zama shaida. Ya shiga daga cikin motar, sanye da babbar riga, ya kusanto da wayar har hancinsa ya cika allon.

Na yi bayani na minti ashirin ba tuntuɓe. Da na nuno zanen da layin shan mai ya gangaro kamar wanda aka tura daga bene, na ji wani ɗalibi ya ja numfashi. Na ƙare da cewa amsar tambayar ta fito fili: a-kori-kura ba ta rage shan mai ba ne saboda masu ƙera ta sun ƙi kula da iska.

Farfesa Raman ya ce in haka ne, duk injiniyoyin da ya yi aiki da su shekara talatin wawaye ne, tunda kafinta ya fi su. Na amsa masa (Allah ya yafe mini) cewa wani lokaci matsala tana jiran sabon ido ne. Ya nemi izinin yi wa direban tambaya. Ya tambaye shi ko ya canza hanya, ya ce a'a. Ko ya rage kaya, ya ce sai dai ƙari. Ko ya canza taya ko ya kai motar gareji, ya ce ko ɗaya. Ina ta gyaɗa kai kamar lauyar da shaidarta ke yin abin da aka koya masa.

Da an tsaya a nan, da na tsira a ranar, in je in faɗi a wani wuri mafi muni. Amma Baba Alhaji ya ga dama ta samu ya yaba mini a gaban manya. Ya gyara zama ya ci gaba, cikin Turancinsa da ke gauraye da Malayanci. Ga abin da ya ce, na mayar da shi Hausa:

"Farfesa, ina so ku san yarinyar nan 'yar mutunci ce. Ɗaliba ce, ba ta da komai, amma duk Litinin ita ke cika mini tanki. Ranar da na ga tana kuka a gidan mai saboda yawan man da motar ke sha mata, na ce ba zan bar 'yar mutane ta wahala a ƙasar wasu ba. Shi ya sa duk Laraba da Juma'a nake biyawa in ƙara mai da kaina, don ta samu sauƙi ranar Litinin. Ban taɓa gaya mata ba."

Fuskoki talatin da wani abu a ƙananan akwatuna, kowa yana kallona. Na ji zufa ta keto mini daga tsakar ka. Sai ga makirfo ɗin wani ya buɗe, muryar Mama ta fito daga Kaduna, tas, don ita yabon kawai ta ji: "Alhaji, Ubangiji ya sa maka albarka. Yadda ka riƙe mini 'ya, Allah ya riƙe naka."

Baba Alhaji ya ce amin, amin.

Farfesa Raman ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Ni kuwa dabarar da ta zo mini ita ce in ƙame wuri ɗaya, kamar intanet ne ya tsaya. Na riƙe numfashi, baki a ɗan buɗe, ido a kafe. Na yi haka kusan rabin minti. Sai Dokta Farida ta ce cikin muryarta mai sanyi, har da "lah" ɗin da 'yan Malesiya ke rufe magana da shi, "Muna ganin fankar bayanki tana juyawa, lah."

Ban san yadda aka rufe taron ba.

Kwana uku ban fita ba. Na kashe waya, na buɗe akwati na fara ninke kaya, na sake fito da su. A rana ta huɗu mai gadin gidanmu ya ce ana nemana a ƙasa. Baba Alhaji ne a bakin ƙofa, yana riƙe da ledar shinkafar da ya yi mini tapau, wato ya sa aka ƙunso mini, daga shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi na can. Ya ce tun ranar nan bai samu sukuni ba, ya ga kowa ya yi shiru amma bai san abin da ya ɓata ba, in gaya masa.

Muka tsaya nesa da juna kamar yadda doka ta ce, na yi masa bayani da Hausa, karo na farko. Na ce man da tankin ke karɓa ranar Litinin shi ne ma'aunin, kamar mudu, in wani ya zuba a tsakiyar mako ma'aunin ya tashi aiki. Na shirya yin bayanin minti goma, bai bar ni na kai biyu ba.

"Ai da kin faɗa mini haka tun farko, Injiniya. Ni da awo nake cin abinci."

Kunyar da na ji a wannan lokacin ta fi ta ranar Alhamis, don wannan karon babu wanda ya yi dariya. Na ba shi haƙuri. Ya ce shi ne mai ba da haƙuri. Muka yi ta wannan jayayya har shinkafar ta huce.

Sai ya ce in ba zan ji haushi ba, yana ganin ba inda ya kamata nake dubawa ba. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai ƙofa biyu a bayan ɗakin ajiyarsa, wadda ya fara sana'a da ita, har yanzu tana tashi. Ya ce tsohuwar da sabuwar kusan mai ɗaya suke sha, amma ba don injin sabuwar bai fi kyau ba. Ya fi kyau nesa ba kusa ba. "Motar ce ta yi ƙiba," in ji shi. "Duk abin da injin ya rage, jikin ya cinye."

Na tsaya ina kallonsa. Shekara ɗaya da rabi ina karanta takardu, ga amsar a bakin mutumin da na raina.

Na kira Dokta Farida ina shirin jin cewa an kore ni. Ta ce ta riga ta yi magana da kwamitin. Farfesa Raman da kansa ya ce kuskure ne ba ha'inci ba, tunda babu mai ha'incin da zai gayyato shaidar da za ta tona shi, a ƙara mini wata uku. Ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ya taimaka aka tsawaita takardar zamana.

Wannan karon na yi aikin kamar mai hankali. Muka kai motocin biyu kan sikelin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, aka auna su babu kaya. Bambancin nauyin ya sa na sake duba sikelin. Muka auna tsayin hanci da faɗin taya da girman gaba. Muka raba hanyoyin kai kaya, mako ɗaya wannan mota, mako ɗaya waccan, kaya iri ɗaya, da murfi da babu murfi. Duk Litinin ina naɗe marfin tankin da salataf in sa hannu a kai. Baba Alhaji ya ce shi ma sai ya sa nasa hannun, don bai yarda da tausayinsa ba.

Abin da ya fito ba mai sa ɗalibi jan numfashi ba ne, amma gaskiya ne. Murfina yana taimakawa kaɗan a babban titi inda ake gudu, a cikin gari kuwa babu abin da yake yi sai kare gari daga ruwa. Injin sabuwar motar yana fitar da aiki mai yawa daga kowace lita fiye da na tsohuwar. Sai dai an kashe wannan ribar a kan wasu abubuwa: kujerun baya da ƙofofi huɗu, ƙarfen kariya, na'urar da ke juya duka tayoyi huɗu, manyan tayoyi, dogon hanci mai tura iska kamar bango, da ƙarfin jan kaya da yawancin masu motar ba sa amfani da ko rabinsa. Baba Alhaji ya haɗa ni da abokansa masu irin motar, 'yan kasuwa da 'yan kwangila, na yi ta kiransu a waya ina tambayar abin da suka duba kafin su saya. Wani ya ce ƙarfi, wani ya ce tsayi saboda ambaliya, wani ya ce iyali su samu wurin zama. Da ƙyar na samu wanda ya tambayi shan mai, don a lokacin gwamnati na tallafa wa farashin dizal, bai dami kowa ba. Na kuma karanta cewa a wasu ƙasashe dokar shan mai ta fi sassauci ga manyan motoci, don ana ɗaukarsu motocin aiki. Kamfani kuwa abin da ake saya yake ƙerawa.

Da na zo rubutu, Dokta Farida ta ce zan iya barin awon farko a waje. Na ce a'a. Na ba shi babi guda, na rubuta abin da ya faru ba tare da kwalliya ba, da yadda na gyara tsarin.

Ranar kare aikin, Farfesa Raman ya riƙe ni fiye da awa ɗaya. Ya bi lissafina layi-layi. Ya tambayi iskar tayoyi, na nuna masa inda na rubuta ta kowace safiyar Litinin. Ya tambayi ruwan sama, na nuna masa makonnin da na ware. Ya tambayi na'urar sanyaya mota, ya tambayi cunkoson da ya dawo bayan an sassauta kulle, duk ina da amsa. Inda ban sani ba na ce ban sani ba, kuma ban mutu ba. A ƙarshe ya tambaya ko wani ya taɓa tankin. Na nuno hotunan salataf guda goma sha biyu, kowanne da sa hannu biyu.

Ya daɗe yana kallon hotunan. Sannan ya ce, "Boleh." Ma'ana ya yi. Ya ƙara da cewa yana son in ba shi izinin sa babin kuskuren a cikin darasin da yake koya wa sababbin ɗalibai, kuma in ina da sha'awar digiri na uku, yana da wuri a ƙarƙashinsa. Dokta Farida ta rubuto mini a gefe cewa tunda take ba ta taɓa jin ya nemi ɗalibi da bakinsa ba.

Na kashe kwamfutar na yi rawa ni kaɗai a ɗaki har maƙwabciyata ta buga bango. Na kira Baba Alhaji, yana tsakiyar sauke manja a wani gidan kwanan ɗalibai. Ya ce alhamdulillahi sau uku, sannan ya juya ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa ɗalibarsa ta ci jarrabawa. Ban gyara masa ba, don bai yi ƙarya ba.

Yanzu ni ke tsayawa gaban ɗalibai, kuma abu biyu nake gaya musu a ranar farko. Duk wanda zai taɓa abin da kake aunawa, ka zauna ka yi masa bayani da harshen da yake ji, ko da kana ganin ka fi shi takarda. Sannan in lambobinka suka fara yi maka daɗi fiye da kima, kada ka yi saurin kiran gida. Ka fara dubawa tukuna ko akwai wani mutumin kirki a kusa da ke jin tausayinka.